Waiwaye: Yadda iyaka ta zo ta tarar da Kamba

Tun kafin a san wani abu wai shi fasfo, jakunan fatake ke ratsa ƙasar Dandi da gishirin Fogha, wasu ayarin kuma su haye kogin Kwara ta Illo su nufi Gwanja neman goro. Kyangawa da Zabarmawa da Arawa da Fulani kasuwa ɗaya suke ci, auratayya kuma ta daɗe da haɗa su.

A 1898 ne Turawan Ingila da na Faransa suka zauna a Paris suka yi rabon yankin. Suka auna mil 10 sama da mashigin Illo suka ce nan layin iyaka zai tsallake kogi, daga can ya bi kwarin Dallol Mauri, sannan ya zagaye Sakkwato da tazarar mil 100. Babu sarkin ƙasar ko ɗaya a wurin zaman. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai suka dawo da kuka, aka sake gyara layin a 1904 da 1906. Ƙishirwar sojan Faransa ta isa a matsar da iyaka, amma ba wanda ya matsar da ita don dangin da ta raba. Wanda ya je Dole Kaina zai gani da idonsa: gari ɗaya ne, wani ɓangare Najeriya, wani Nijar.

Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi a yau, da wannan layin ta girma. Naira da sefa duk suna yawo a kasuwarta, direbobi na jigila zuwa Gaya ta Nijar, daga can gada ce kawai tsakani da Malanbil ta Benin. Har da fasa-ƙwauri, wannan ba a ɓoye yake ba.

Shi ya sa rufe iyakokin da gwamnatin Buhari ta yi a Agustan 2019, da sunan hana shigo da shinkafa 'yar waje, ya yi wa garin mugun bugu. A Nuwamba kwastam ta ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manomin rani mai injin ban-ruwa da ɗan kabu-kabu, waɗanda ba su taɓa tsallakar da ko buhu ɗaya ba, su ma hukuncin ya hau kansu, kuma a ganina wannan zalunci ne. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamban 2020, ba a sa Kamba ba. Sai Afrilun 2022 aka waiwaye ta.

Ba a kai shekara ɗaya da rabi ba sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum na Nijar a Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame ƙofa. Motocin kaya suka yi layi a bakin hanya, 'yan dako da masu abinci suka zauna ba ciniki, har Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.