Keɓantattun Gidajen Safari na Iyali a Gabashi da Kudancin Afirka

Keɓantaccen gidan safari, wato yawon kallon namun daji, masauki ne da ke cikin gandun daji ko a bakinsa, wanda iyali guda ko ayari guda ke kama shi haya ɗungurungum na 'yan kwanaki, ba tare da an haɗa su da wasu baƙi ba. Hayar takan haɗa da ɗakunan kwana, da kuku da masu hidima, da motar shiga daji da ja-gorarta, ta yadda duk wanda ke aiki a gidan yana yi wa mutanen da suka kama shi ne kaɗai. Yawancin irin waɗannan gidaje suna da ɗakunan kwana biyu zuwa shida, kuma an fi samun su a Kenya, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, Zambiya, Botswana, Zimbabuwe da Ruwanda. Su ne mataki mafi tsada a harkar yawon kallon namun daji, kuma galibin masu kama su iyalai ne da ke tafiya da kakanni da jikoki a lokaci guda.

Asali

Harkar safari ta fara ne da farauta. A farkon ƙarni na 20 attajiran Turai da Amurka kan zo Gabashin Afirka da bindigogi, su ɗauki ɗimbin 'yan dako da tantuna su shiga daji na tsawon watanni, kuma tafiyar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a 1909 ta ƙara wa abin farin jini. Kowace irin wannan tafiya ta ayari guda ce, da ma'aikatanta da kukunta, don haka keɓewa daɗaɗɗen abu ne a wannan sana'a. Daga baya, da kyamara ta maye gurbin bindiga, musamman bayan Kenya ta haramta farautar manyan dabbobi a 1977, sai aka koma gina masaukai masu ɗakuna da yawa inda baƙi daga ƙasashe dabam-dabam ke cin abinci a zaure ɗaya, su kuma hau mota ɗaya.

Gidajen da ake magana a kansu sun ɓullo ne ta wata hanya dabam. Da yawansu gidajen masu gonaki da wuraren kiwo ne tun zamanin Turawan mulkin mallaka, waɗanda zuri'arsu suka bar kiwon shanu ko farauta suka koma kula da namun daji, sannan suka fara ba da gidan iyali haya a lokacin da ba sa ciki. Castleton da ke gandun Sabi Sand a Afirka ta Kudu gidan iyalan Bailes ne, waɗanda suka kafa kamfanin Singita a 1993. Uplands Homestead na gandun Kwandwe a Lardin Gabashin Kef gidan gona ne da aka gina a 1905. Ol Jogi a Laikipiya ta Kenya, mai faɗin eka kusan 58,000, ya daɗe yana hannun iyalan Wildenstein masu cinikin zane-zane kafin a buɗe shi ga masu haya. Da aka ga kasuwar na ci, sai kamfanoni suka shiga gina sababbin gidaje musamman don wannan manufa, kuma annobar korona ta 2020 ta ƙara yawan masu neman masaukin da ba za su cuɗanya da kowa ba.

Abin da ake saye

Wanda ya kalli hotunan talla zai ɗauka gini ake sayarwa, wato kwamin wanka da ke fuskantar kwari, da faffaɗan falo, da gadaje masu gidan sauro. Amma abin da ya fi tsada a cikin hayar shi ne mota da ja-gora, da ikon tsara lokaci yadda mutum ya ga dama. A masaukin gama-gari akan ta da baƙi da asuba, a zuba mutum shida ko fiye a mota ɗaya, a fita awa uku ko huɗu, a dawo karin kumallo a lokacin da aka tsayar, kuma idan ɗaya yana son tsayawa kallon tsuntsaye alhali sauran na neman zaki, dole wani ya haƙura. Yawancin masaukai ba sa yarda yaro ƙasa da shekara shida ya shiga motar da ke ɗauke da wasu baƙi, wasu ma ba sa karɓar wanda bai kai shekara 12 ba ko kaɗan, saboda kukan yaro ko motsinsa na iya korar dabba ko ya jawo hankalinta. A keɓantaccen gida wannan ƙa'ida takan sassauta, domin babu baƙon da za a ɓata wa rai. Idan jika ya gaji bayan awa ɗaya sai a juya gida, idan kuma an tarar da damisa ta hau bishiya da abin da ta kama, ana iya zama a gindinta har rana ta take, a kawo abincin safe can.

A gandunan Afirka ta Kudu mutum biyu ne ke tafiyar da motar. Ja-gora yana tuƙi yana bayani, shi kuwa mai bin sawu, wanda a yankin Sabi Sand sau da yawa ɗan ƙabilar Shangan ne, yana zaune a wata 'yar kujera da aka kafa a kan hancin motar, idonsa a ƙasa. Da ya ga sawu a cikin rairayi sai ya ɗaga hannu a tsaya, ya sauka ya duba ko gefen sawun ya fara zaizayewa ko ƙwari sun bi ta kansa, daga nan ya faɗi ko dabbar ta wuce cikin dare ne ko yanzun nan. A watannin Yuni da Yuli, lokacin hunturun kudancin Afirka, akan tarar da bargo da robar ruwan zafi a kan kowace kujera, don sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota ba abin wasa ba ne. A Kenya da Tanzaniya ja-gora ɗaya kan haɗa ayyukan biyu, kuma da yawansu Masai ne ko Samburu da suka tashi suna kiwo a wannan dajin.

Kicin ma na iyalin ne. Tun kafin baƙi su iso ake tambayar abin da suke ci da abin da ba sa ci, kuma wannan ya sa gidajen suka dace da iyalan Musulmi da ke son naman halal, da a kawar da giya daga gidan, da a tsara fita daji yadda ba za ta ci karo da lokutan salla ba, ko mata su yi wanka a kwami ba tare da idon baƙo ba. Dole ne dai a sanar da wuri, domin a mota ko a ƙaramin jirgi ake kai kayan abinci daga gari mai nisa. Akan samu mai raino, kuma akan koya wa yara gane sawu da kashin dabbobi da harbi da kwari da baka. Gidaje da dama ba su da shinge, giwa ko dorina na iya ratsa tsakar gida, saboda haka da zarar duhu ya yi mai gadi ne ke raka kowa zuwa ɗakinsa da fitila.

Inda suke

Kenya ce ta fi shahara da gidajen da ke da kamannin gidan zama na gaske, musamman a tsaunukan Laikipiya da ke arewa da Dutsen Kenya. Gandun Lewa a da wurin kiwon shanu ne na iyalan Craig, inda aka keɓe wani yanki don kare baƙar karkanda a 1983, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wurin tarihi na duniya na Dutsen Kenya. Maƙwabcinsa Borana ya karɓi baƙaƙen karkanda 21 a 2013, a shekarar da ta biyo baya kuma aka cire shingen da ke tsakaninsu. A Borana ne ake samun gidaje irin su Laragai, Sirai, Lengishu da Arijiju, wanda tsarin gininsa ya ɗauki wani abu daga majami'un Habasha da aka sassaƙa cikin dutse. A yankin Masai Mara akwai gidan Cottar mai ɗakuna biyar a gandun Olderkesi, na wani iyali da kakansu Charles Cottar, Ba'amurke, ya fara sana'ar safari a 1919.

A Tanzaniya, Serengeti House yana cikin yankin Grumeti mai eka 350,000 a yammacin Serengeti, wanda ke kan hanyar ƙaurar nyumbu, wata dabba mai kama da gwanki da ke tafiya garke-garke fiye da miliyan ɗaya tare da jakunan dawa. A Zambiya akwai Luangwa Safari House da Chongwe River House, kowanne mai ɗakuna huɗu, dukansu zanen Neil Rocher ne, kuma an bar gabansu a buɗe yana kallon ruwa. A Ruwanda an buɗe Kataza House a 2019 a gefen gandun duwatsu masu aman wuta, inda ake zuwa kallon gwaggon biri, sai dai ba a yarda wanda bai kai shekara 15 ba ya je kallon, kuma takardar izinin mutum ɗaya dala 1,500 ce.

Afirka ta Kudu tana da wata fa'ida da ta fi komai muhimmanci ga mai ƙananan yara ko mace mai juna biyu, wato gandunan da babu zazzaɓin cizon sauro. Madikwe, da ke kan iyakar Botswana, tsofaffin gonakin kiwo ne da aka mayar gandu a 1991, aka kuma kwaso dabbobi fiye da 8,000 aka zuba a ciki, kuma a nan ne kamfanin Morukuru ke da gidaje uku da ba a ba da su sai ga ayari guda. Tswalu a hamadar Kalahari, mallakar iyalan Oppenheimer, ya haura hekta 100,000, kuma gidansa na Tarkuni yana da ɗakuna biyar. Kwandwe ma babu zazzaɓin. Sabi Sand da ke jikin gandun Kruger, wanda ya yi suna wajen ganin damisa, yana cikin yankin sauro.

Kuɗi da shirin tafiya

Akan yanka farashi ne a kan gida gaba ɗaya a kowane dare, daga dala dubbai kaɗan zuwa sama da dala 10,000 a manyan gidaje, kuma yawanci ya ƙunshi abinci da wanki da fita daji sau biyu a rana. Kuɗin jirgi da kuɗin shiga gandu da tukuicin ma'aikata sau da yawa dabam ne. Idan ayarin ya cika gidan, abin da ke faɗa wa kowane mutum kan yi kusa da na masaukin alfarma na gama-gari, amma iyali na mutum huɗu a gida mai ɗaukar goma suna biyan kuɗin gadajen da babu kowa a kansu. Lokacin rani, daga Yuni zuwa Oktoba, shi ne mafi tsada, saboda ciyawa ta kwanta kuma dabbobi na taruwa a bakin ruwa, sannan ya zo daidai da hutun makarantun Turai da Amurka, don haka akan kama gida shekara guda kafin tafiya. Ƙananan jiragen da ke tashi daga filin jirgin Wilson na Nairobi kilo 15 kawai suke yarda mutum ya ɗauka, a cikin jaka mai laushi. Matafiyi daga Najeriya ko Nijar kuma sai ya riƙe katin rigakafin cutar shawara.

Batun ƙasa

Keɓewar da ake sayarwa ta dogara ne kacokan a kan wanda ke riƙe da ƙasar. A gandunan gwamnati ba a cika yarda mota ta sauka daga hanya ko ta fita da dare ba, kuma a lokacin da nyumbu ke tsallaka kogin Mara akan ga motoci da dama sun yi cincirindo a gaɓa ɗaya. A ƙasa mai zaman kanta ko wadda aka kama haya, masu wurin ne ke ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya kan dabba ɗaya, wanda a Sabi Sand bai cika wuce biyu ko uku ba. Tun da aka cire shingen da ke tsakanin Kruger da gandunan da ke yammacinsa a 1993, dabbobin na kai da komowa yadda suke so, amma baƙon da ke Kruger ba shi da ikon shiga waɗannan filaye.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa sun fi tururuwar jama'a sauƙi ga daji, kuma wannan ita ce manufar da Botswana ta ɗauka tun 1990. Kuɗin ne ke biyan masu gadin karkanda da karnuka da jiragen sintiri, abin da kiwon shanu a busasshiyar ƙasa ba zai iya ɗauka ba. A kewayen Masai Mara an samu tsarin da ya fi kusa da adalci, inda ɗaruruwan Masai masu filaye ke haɗa ƙasarsu su ba kamfanoni haya, ana biyan kowa a wata, kamar yadda ake yi a Mara North da aka kafa a 2009 da Naboisho a 2010, kuma akan bar shanu su yi kiwo a wasu sassa bisa tsari.

Duk da haka, ba za a rufe ido ga yadda manyan filayen suka shiga hannun masu su ba. Laikipiya ƙasar Masai ce kafin Turawan Ingila su tashe su bayan yarjejeniyar 1911, kuma a lokacin farin da aka yi a 2017 makiyaya sun kutsa da dubban shanu cikin gonaki da gandunan yankin, aka ƙona wasu masaukai, aka yi asarar rayuka. A Afirka ta Kudu dokar mayar da ƙasa ga waɗanda aka ƙwace wa ta taɓa wasu fitattun gandunan. A 2007 gandun Phinda da ke KwaZulu-Natal ya mayar wa al'ummomin Makhasa da Mnqobokazi kimanin hekta 9,000, sannan ya karɓe ta haya daga hannunsu. A 2013 gwamnati ta amince ta biya kusan rand biliyan ɗaya don sayen ƙasar MalaMala ta miƙa wa al'ummar N'wandlamharhi, waɗanda yanzu suke karɓar kuɗin haya, suke kuma da kaso a kamfanin da ke gudanar da masaukan.