Allurar kashe sashen jiki a tiyatar ciki ga masu ciwon zuciya

Allurar kashe sashen jiki hanya ce ta hana jin zafin tiyata ba tare da an sa majinyaci barci ba. Yana farke yana numfashi da kansa, amma daga cibiya ko ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin wuƙa. Likita August Bier ne ya fara yin ta ƙashin baya a Kiel ta Jamus a 1898. Fidel Pagés na Sifaniya ya bayyana ta epidural, wadda ake zuba maganinta a wajen fatar da ta lulluɓe laka, a 1921. A asibitocin Yamai da Tawa ma'aikata kan ce wa ta ƙashin bayan "rashi", majinyata kuma allurar baya, kuma an saba da ita wajen aikin gwaiwa da fiɗar haihuwa.

A wajen yin "rashi", majinyaci kan zauna ya duƙa, a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, a zuba magani irin bupivacaine. Cikin 'yan mintoci ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi.

Wannan ɗumin shi ne abin lura. Jijiyoyin jini ne suka saki, jini ya taru a ƙasa, awon jini ya faɗi. Mai lafiyayyar zuciya yana cike giɓin. Wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sosai ba ya iyawa, kuma allura ɗaya tak na iya kai shi ga halaka. Idan maganin ya haura saman ƙirji, bugun zuciya ma raguwa yake, shi ya sa aikin saman cibiya ya fi na mara haɗari.

Don haka ga mai raunin zuciya, kamar matan da zuciyarsu ke kumbura lokacin jego (cutar da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa), an fi son epidural: a bar siririn bututu a baya, ana ƙara magani kaɗan-kaɗan, da ephedrine, maganin ɗaga awon jini, a kusa. Ruwan ƙari ma da awo ake ba shi, kada ya cika huhu. Akwai kuma allurar bangon ciki, TAP, wadda aka bayyana a 2001. Ba ta cika taɓa awon jini ba, sai dai zafin hanji ba ruwanta da shi.

Mai shan maganin tsinka jini dole ya faɗa tun kafin ranar aiki. Clopidogrel, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, akan dakatar da shi kwana 5 zuwa 7, bisa shawarar likitan zuciya, domin allurar na iya sa jini ya zuba, kuma jinin da ya taru kusa da laka yana iya shanye ƙafafu.