Tsohon Labari, Sabon Zubi: Fina-finan Soyayya na Talabijin da Ake Cirowa daga Littattafan Da

Mai bin tashoshin fina-finai na Amurka da Birtaniya ya saba ganin sanarwa a ƙasan sunan fim cewa labarin sabon zubi ne na wani tsohon littafi. Turawa kan rubuta modern retelling. Abin nufi shi ne a ɗauko littafi ko wasan kwaikwayo da aka rubuta shekara 200 ko 400 da suka wuce, a riƙe ƙashin bayan labarin da halayen mutanen cikinsa, amma a canza zamani da gari da sana'a da salon magana, har mai kallo ya ji kamar a bana abin ya faru. Idan aka zuba shi a fim ɗin soyayya mai ban dariya, wanda 'yan harkar ke taƙaita sunansa da rom-kom, kuma aka shirya shi don tashar talabijin ba don gidan sinima ba, to shi ne nau'in fim ɗin da ake magana a kansa a nan.

Akwai abubuwan da ake rikita shi da su. Lokacin da BBC ta mayar da littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice fim mai kashi 6 a 1995, ta bar mutanen da dogayen rigunansu da keken doki da kyandir. Wannan ɗaukar littafi ce yadda yake, ba sabon zubi ba. Haka kuma ba shi ne abin da 'yan Kannywood ke kira wankiya ba, inda ake bin fim ɗin wani fitowa bayan fitowa a kwafe, a kuma ɓoye inda aka samo. Mai sabon zubi ba ya ɓoyewa. Da sunan littafin ma yake talla, kuma rabin daɗin kallon shi ne mai kallo ya gane cewa wannan mai girman kan da ya shigo da tsadaddiyar mota shi ne Darcy, attajirin jarumin Pride and Prejudice. In ana neman abin da ya fi kusa da shi a adabinmu, to aikin Abubakar Imam ne a Magana Jari Ce, inda ya ɗauko labaran Larabawa da Turawa ya zaunar da su a fadar sarki da kasuwa ta ƙasar Hausa.

Dalilin da ya sa tashoshi ke komawa ga waɗannan littattafai ba ɓoyayye ba ne. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, haƙƙin mallakar littafi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Shakespeare ya rasu a 1616, Austen a 1817, Charles Dickens a 1870. Ke nan furodusa ba zai biya ko sisi ba don ya taɓa labaransu, ga shi kuma sunan kaɗai ya ishe shi talla. Tashar Hallmark ta Amurka, wadda a wasu shekarun baya-bayan nan take fitar da sababbin fina-finan Kirsimeti wajen 40 a kaka guda, tana bukatar labarin da aka riga aka san yana tafiya. Daga nan aka sami Unleashing Mr. Darcy a 2016, inda Elizabeth Bennet, jarumar Pride and Prejudice, ta zama malamar makaranta, Darcy kuma alƙalin gasar karnuka. A 2018 aka yi Pride, Prejudice, and Mistletoe, aka juya abin: Darcy ta zama mace mai kuɗi da ta dawo garinsu hutun Kirsimeti, Bennet kuma namiji mai harkar abinci.

Kafin a yanke wa irin waɗannan fina-finai hukunci, ya kamata a san mazubin da ake cusa labarin a ciki, don shi ke juya akalar komai. Tasha tana ware awa 2, amma fim ɗin kansa bai fi minti 84 zuwa 90 ba, sauran na talla ne. Saboda tallar, ana yanka labarin gida 9, na farko ya fi tsawo, kuma dole kowane gida ya ƙare a kan abin da zai hana mai kallo canza tasha. Ana ɗaukar yawancinsu cikin kimanin kwana 15, sau da yawa a Kanada, musamman yankin Vancouver, a kan kuɗin da ke kusa da dala miliyan 2. Shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya a allo. Littafin Austen kuwa babi 61 ne, kalmomi kusan 120,000. Ka ga aikin farko na marubuci shi ne yanka, ba tausayi.

Ana fara yankan ne daga mutane. 'Yan matan gidan Bennet su 5 ne, amma fim mai kwana 15 ba zai iya ba kowace haƙƙinta ba, don haka a kan bar biyu ko uku: jaruma, yayarta mai haƙuri, da ƙanwa mai rawar kai. Sai wurare. Littafin yana yawo daga ƙauye zuwa Landan zuwa Kent zuwa Derbyshire, fim kuma yana so a tsare kowa a lokeshan uku ko huɗu, shi ya sa ake ƙirƙiro wani taro da zai haɗa su dole, kamar gasa, biki, ko shirin walimar tara kuɗin taimako. Sai lokaci. Abin da ya ɗauki kusan shekara a littafi ana matse shi cikin mako 2. Duk wannan sana'a ce, kowane gwanin marubuci zai iya.

Inda gizo ke saƙar shi ne takura, wato abin da ke hana masoyan haɗuwa, da kuma abin da jaruma za ta rasa in ta ce a'a. A littafin Austen, takurar kuɗi ce tsagwaronta. Gidan mahaifinsu da gonakinsa, masu kawo fam 2,000 a shekara, an ɗaure su da wata ƙa'idar gado ta Ingila wadda ta ce namiji kaɗai zai gaje su. Ba kamar rabon gado na Musulunci ba ne da 'ya mace take da kasonta sananne. A nan ranar da uban ya rasu, komai zai koma hannun wani ɗan uwansu, Mista Collins, uwa da 'ya'yanta kuma su nemi inda za su raɓa. Collins da bakinsa ya tuna wa Elizabeth cewa abin da za ta samu bayan ran mahaifiyarta fam 1,000 ne kawai, wanda ribarsa fam 40 ce a shekara. Darcy kuma fam 10,000 ke shigo masa duk shekara. To yarinyar da ke wannan hali ta ƙi Collins, ta zo ta ƙi Darcy don ya raina danginta. Wannan ƙarfin hali ne na gaske, kuma shi ne ya sa ake ƙaunarta har yau.

Yanzu ɗauko ta ka kawo ta Amurka ta yau, ka ba ta digiri da aiki da gidan haya nata na kanta. In ta ƙi wani, me ta rasa? Ba komai. Uwar da ke kuka a kan auren 'ya'yanta, wadda a littafi tsoron talauci ne ke damunta, sai ta koma mace mai surutu ba dalili. A nan mafi yawan waɗannan fina-finai ke faɗuwa. Sunaye suna nan, harara da baƙar magana suna nan, amma an yi tuya an manta da albasa.

Waɗanda suka yi nasara su ne suka nemo takurar da ta dace da sabon wurin. The Lizzie Bennet Diaries, wanda aka saki a YouTube daga 2012 zuwa 2013 cikin kashi 100 har ya ci kyautar Emmy, ya mayar da Lizzie, wato Elizabeth, ɗalibar jami'a da bashin karatu ya yi wa katutu, iyayenta kuma suna cikin matsin kuɗi. Collins bai zo neman aure ba, aiki ya zo ba ta a kamfaninsa. Ta ƙi, ƙawarta Charlotte ta karɓa, daidai yadda Charlotte ta littafi ta karɓi auren. Sai ka ji nauyin zaɓin ya dawo, don mai kallo ya san me ake nufi da ƙin albashi alhali ana bin ka bashi. Tashar Lifetime ta bi wata hanya a 2019 da Pride & Prejudice: Atlanta. Ta kai labarin cikin baƙaƙen fatar Amurka, uban ya zama fasto, uwar kuma marubuciyar littafin shawara kan yadda mace za ta sami miji, alhali nata 'ya'yan 5 suna zaune a gida. A cikin jama'ar coci inda kowa ya san kowa, maganar mutane tana da nauyi, don haka damuwar uwar ta sami tushe. Wannan ne ma ya sa labaran Austen ke zama daram a Indiya, kamar yadda Gurinder Chadha ta nuna a fim ɗin sinima Bride and Prejudice na 2004 da ta kai Amritsar. Bahaushiya mai kallo ma ba ta bukatar a yi mata bayanin halin uwar da ke da 'yan mata a ɗaka ana ta tambayarta yaushe za a sha biki.

Bayan gado, sai abin kunya. A littafi, ƙanwarsu Lydia mai shekara 16 ta gudu da Wickham ba aure, abin da ya isa ya rufe ƙofar aure ga duk 'yan uwanta. A Amurka ta yau ba wanda zai fasa auren yaya don ƙanwa ta bi saurayi. Masu Lizzie Bennet sun mayar da shi barazanar sakin bidiyon tsiraici a intanet, Darcy kuma ya sayi kamfanin da zai sake shi a ɓoye, kamar yadda Darcy na littafi ya biya basussukan Wickham ba tare da ya faɗa ba. Tashoshin da ke tallata kansu a matsayin na iyali ba za su taɓa irin wannan ba. Sukan cire Lydia ɗungurungum, ko su mayar da Wickham abokin hamayya a kasuwanci. Matsalar ita ce da zarar an cire ta, Darcy ya rasa damar yin alherin da ba ya son a sani, wanda shi ne hujjar cewa ya canza. Sai a maye gurbin da ƙaramar rashin fahimta a gida na 8: jaruma ta hango shi yana rungume da wata, daga baya ta gano 'yar uwarsa ce ko tsohuwar abokiyar aiki, a shirya cikin minti 5.

Wayar hannu ma babbar abokiyar gabar wannan aiki ce. Tsofaffin labarai sun dogara da wasiƙar da ta makara, ko mutumin da ya yi tafiya ba a san inda yake ba. Yau kira ɗaya ya warware komai, kuma mai kallo ya san haka. Marubuci mai rauni yakan ce caji ya ƙare ko babu sabis. Mai basira yakan bar wayar a hannunsu, ya sa girman kai ya hana kiran. Doguwar wasiƙar da Darcy ya miƙa wa Elizabeth a babi na 35, wadda ta juya tunaninta, ba ta yin kyau in aka mayar da ita gajeren saƙon waya, domin aikinta shi ne a karanta, a yi fushi, a sake karantawa. Shi ya sa wasu ke barin ta takarda ko a wannan zamani.

Shakespeare yana da tasa wahalar daban. A 2005 BBC ta yi sabon zubi na wasanninsa 4 a ƙarƙashin sunan ShakespeaRe-Told. Much Ado About Nothing ya koma ɗakin labarai na wani gidan talabijin, Beatrice da Benedick suka zama masu karanta labarai da ba sa ga maciji, kuma wurin ya dace ƙwarai, don labarin ya ginu ne a kan jin zancen da aka shirya don ka ji, ɗakin labarai kuwa cike yake da makirfo. Amma marubucin, David Nicholls, ya tarar da abin da ba zai haɗiyu ba yau. A wasan asali, ango ya ci mutuncin amaryarsa Hero a gaban jama'a bisa ƙazafi, aka ce ta mutu, daga ƙarshe ta dawo ta aure shi. A sabon zubin ta ji rauni a kai ta kwanta a asibiti, da ta farfaɗo kuma ba ta koma ta aure shi ba. Wannan gyara ne mai kyau, domin ya bi halin mutanen da aka ƙirƙira maimakon bin tsohon shafi ido rufe. The Taming of the Shrew, labarin miji da ke horar da mace mai tsiwa da yunwa da hana barci har ta rusuna, ya fi kowanne wuya. Sally Wainwright ta mayar da Katherine 'yar majalisa mai neman shugabancin jam'iyya, wadda aka ba shawarar ta yi aure don farin jini, mijin kuma shi ma ba shi da saiti, ta yadda gyaruwar ta zama ta su biyun.

Tazarar shekaru ma ana gyara ta. A littafin Austen mai suna Emma na 1815, jarumar tana da shekara 20, Mista Knightley da ta aura kuma ya girme ta da 16. Fim ɗin sinima Clueless na 1995 ya kai labarin makarantar sakandare a Beverly Hills, ya rage tazarar ƙwarai, ya mayar da Knightley ɗalibin jami'a, zanen hoton da Emma ta yi wa ƙawarta kuma ya koma hoton kyamara.

Mai son ya bambance sabon zubi na gaske da fim ɗin da ya ari suna kawai, ya duba tsakiyar fim. A Pride and Prejudice, neman auren da Darcy ya yi na farko da ƙin amincewa suna zuwa ne a babi na 34 cikin 61, wato tsakiya, kuma duk abin da ya biyo baya gyaran kuskuren mutum biyu ne, shi na raini, ita na saurin yanke hukunci. In ka kai minti 45 ba ka ga jaruma ta ƙi wani abu da take matuƙar bukata ba, ko kuma har ƙarshe namijin kaɗai ne ya nemi gafara ita ba ta gano nata laifin ba, to sunan Darcy da na gidansa Pemberley kawai aka ɗauka. A Fabrairun 2024 Hallmark ta ware watan ga Jane Austen da fina-finai 4, kuma ɗaya daga ciki, Sense and Sensibility, bai sabunta zamanin ba ko kaɗan. Ya bar kayan da, da gadon da aka hana 'yan mata, ya ba baƙaƙen fata manyan matsayin wasan.