Aikin mishan na cikin gida na mata Kirista

Aikin mishan na cikin gida na mata Kirista shi ne hidimar da matan coci ke yi a cikin ƙasarsu ko garinsu ko ma unguwarsu ba sai sun ƙetare teku ba, wato ziyarar marasa lafiya, kula da gwauraye da marayu, koya wa yara da manya karatu, ɗinka sutura wa wanda bai da shi, zuwa gidan yari, ana kuma yin bishara a cikin duk wannan zirga-zirgar. Ana bambanta shi da mishan na ƙasashen waje inda ake tura mutum wata ƙasa ya koyi yarensu ya zauna shekara da shekaru. A ƙarni na 19 ne aikin ya samu tsari sosai, ƙungiyoyi da asusu da sakatarori, musamman a Jamus da Ingila da Amurka, amma shi aikin kansa ya girmi ƙungiyoyin nesa ba kusa ba, kuma har gobe mafi yawansa ba wani ofis ne ke tafiyar da shi ba.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Sunan da aka fi kira in ana wannan magana shi ne Tabita, wadda ake ce wa Dokas, wata almajira a garin Yafa, labarinta na cikin Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu aka aika wa Bitrus, yana zuwa sai gwauraye suka kewaye shi suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tun tana da rai. Abin lura a nan shi ne ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinta ba a rubuta ba, ɗinkin kawai aka nuna, kuma shi ya sa har yau ƙungiyoyin ɗinki da raba kaya a coci-coci da yawa suke amsa sunan Dokas. Akwai kuma Fibi wadda Bulus ya kira mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya a Romawa 16, da Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada wadda ta buɗe gidanta a Filibi, da matan da Luka 8 ya ce suna ɗawainiya da Yesu da almajiransa daga aljihunsu. A 1 Timoti 5 ma har rajista ake yi ta gwauraye masu shekara 60 zuwa sama, kuma cikin abin da ake dubawa akwai ko ta yi renon yara, ta karɓi baƙi, ta taimaki masu shan wahala. Matiyu 25 da Yakubu 1:27, masu maganar ciyar da mayunwata, ziyarar marasa lafiya da 'yan kurkuku da kula da marayu da gwauraye, su ne ayoyin da kusan kowace ƙungiya ke jingina da su.

Kafin ƙarni na 19

A ƙarshen ƙarni na 4 wata mai dukiya a Roma mai suna Fabiola ta kashe arzikinta ta buɗe gidan jinyar marasa lafiya, ita da kanta take ɗauko su daga titi. Amma daga baya aka samu matsala, don a cocin Katolika mace in ta ɗauki alkawarin zama sista to doka ta ce ta zauna cikin katanga, kuma babban taron shugabannin cocin da aka yi a Trent ya ƙara jaddada hakan a 1563. To ta yaya za ta je wajen mara lafiya yana kwance a ɗakinsa? Vincent de Paul da Louise de Marillac suka samo dabara a Faransa, a 1633 suka kafa ƙungiyar 'Yan Matan Jinƙai, galibi 'yan matan ƙauye ne, kuma maimakon alkawari na har abada sai suke yin na shekara ɗaya suna sabuntawa, don haka dokar kulle ba ta hau kansu ba, suna iya shiga lungu-lungu da tukunyar magani da abinci.

Jamus da Ingila

Lokacin da kwalara ta ɓarke a Hamburg a 1831 Amalie Sieveking ta yi kira ga mata su fito jinya, ba wadda ta amsa, sai ta tafi asibitin ita kaɗai, shekara na zagayowa ta kafa ƙungiyar mata masu ziyarar matalauta da marasa lafiya. A 1836 fasto Theodor Fliedner da matarsa Friederike suka buɗe gidan horar da mata masu hidima a Kaiserswerth, ana koya musu jinya da koyarwa, a ba su sutura da wurin kwana da tabbacin za a kula da su in sun tsufa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ba ta yi aure ba a wancan zamanin. Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya ta Ingila, ta je can a 1850 ta sake komawa a 1851 don samun horo. Sunan mijin ne ya fi fita amma Friederike ce ta riƙe gidan yau da gobe har ta rasu a 1842.

A Landan kuwa Elizabeth Fry ta fara shiga kurkukun Newgate a 1813 ta tarar da mata da 'ya'yansu a cushe ba suturar kirki, a 1817 ta haɗa ƙungiyar mata da ke zuwa a kai a kai suna koyar da karatu da ɗinki. Sai kuma Ellen Ranyard a 1857 wadda ta gane cewa matar mai kuɗi in ta shiga unguwar talakawa ba a sakin jiki da ita, sai ta ɗauki matan unguwar da kansu aiki tana biyansu, suna bi gida-gida suna sayar da Littafi Mai Tsarki a biya kaɗan-kaɗan, daga nan sai maganar bargo da tsafta da jinya ta shigo. Wannan tsarin ya yi tasiri har aka kwashe shi zuwa Indiya da Sin da Afirka. Ƙungiyar 'yan mata Kirista ta YWCA ta samo asali a 1855, ita kuma Mothers' Union, ƙungiyar iyaye mata ta cocin Anglican, Mary Sumner ce ta fara ta a 1876 a ƙauyen Old Alresford, yanzu tana da membobi wajen miliyan 4 a ƙasashe sama da 80, mafi yawansu a Afirka da Indiya.

Amurka da maganar kuɗi

A nan ne abin ya fi girma, kuma a nan ne ake ganin yanda aikin yake tafiya a zahiri. A 1800 wata budurwa 'yar shekara 21 a Boston, Mary Webb, wadda ba ta iya tafiya sai a keken guragu, ta tara mata su 14 suka kafa ƙungiyar mishan ta mata. Ba da daɗewa ba sai ga ƙungiyoyin santi, wato ƙaramin tsabar kuɗin Amurka, kowace mace ta ba da santi ɗaya a sati. Dalilin ƙanƙantar kuɗin ba rowa ba ce, a lokacin dokar Amurka da ta Ingila ta ɗauki dukiyar matar aure a matsayin ta mijinta, to abin da ke hannunta bai wuce ɗan canjin cefane ko kuɗin ƙwai da man shanu da ta sayar ba. Sai suka ce to a kawo wannan ɗin, amma kowane sati ba fashi, ana sakawa a ƙaramin akwati da ake tunawa da gwauruwar nan mai anini biyu ta Markus 12. Kuɗin da ya taru ta wannan hanya ya ba shugabannin coci maza mamaki, kuma daga nan rigimar wa zai riƙe asusun ta fara, rigimar da aka shafe sama da shekara ɗari ana yi.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 sai ga bayi wajen miliyan 4 sun samu 'yanci ba makaranta ba gona, ga baƙi na ta kwarara daga Turai da Asiya zuwa birane, ga kuma ƙauyukan yamma inda fastoci ke zaune cikin talauci. Joanna P. Moore ta fara koyar da 'yantattun bayi tun 1863, kuma da matan Baptis suka kafa ƙungiyarsu ta mishan na cikin gida a Chicago a 1877 ita suka fara ɗauka. A 1881 Sophia Packard da Harriet Giles suka buɗe aji a ɗakin ƙasa na wani coci a Atlanta da ɗalibai 11 da dala 100, shi ne ya zama kwalejin Spelman ta yanzu. Matan Methodist sun kafa tasu a 1880, shugabarsu ta farko Lucy Webb Hayes ce, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin. A 1885 Lucy Rider Meyer ta buɗe makarantar horo a Chicago, ɗalibanta suna fita unguwanni ziyara, a 1888 kuma cocin Methodist ya amince da muƙamin mata masu hidima a hukumance.

A wannan shekarar dai ta 1888 matan Baptis na kudancin ƙasar suka kafa ƙungiyarsu ta mishan mai suna WMU a Richmond, sakatariyarsu Annie Armstrong ta riƙe aikin har 1906 ba ta karɓi albashi ba. Aikinta wasiƙa ne, dubbai a shekara, tana haɗa cocin da ke da abu da mai mishan da ke da buƙata, mata su cika ganga da tufafi da barguna da littattafai a tura wa iyalin fasto a can nesa. An sa wa baikon Ista na mishan na cikin gida sunanta a 1934 kuma har yanzu ana tara shi. Matan baƙar fata ba su tsaya jira a yi musu ba, Nannie Helen Burroughs na cikin waɗanda suka kafa taron mata na Baptis baƙar fata a 1900, a 1909 ta buɗe makarantar koyon sana'a ta 'yan mata a Washington. A San Francisco kuma Donaldina Cameron daga 1895 ta riƙa fitar da 'yan matan Sin da aka yi safararsu daga gidajen da aka tsare su. Ranar Addu'a ta Duniya da ake yi Juma'ar farko ta watan Maris ita ma tana da tushe a nan, don a 1887 Mary Ellen James ta kira ranar addu'a domin mishan na cikin gida.

Yanda ake yinsa yau da kullum

In aka ajiye manyan sunaye gefe, aikin bai canja sosai ba. Mata su haɗu sau ɗaya a sati ko a wata, a yi waƙa da addu'a da karatun Littafi, a tara baiko, sai a tambaya wa ke kwance, wa ta haihu, wa aka yi wa rasuwa, wane yaro aka koro daga makaranta, a raba ziyara bibbiyu. Ma'aji ta rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma mata da yawa a irin wannan taron suka fara koyon riƙe littafin kuɗi da tsayawa gaban jama'a su yi magana tun lokacin da ba a ba su damar jefa ƙuri'a ba. Ƙarfin abin yana wajen sanayya ne, mai ziyara ta san gidan, ta san wadda za ta ce lafiya lau alhali ba a ɗora tukunya ba, abin da ma'aikacin da ya zo da fom ba lallai ya gano ba.

A Afirka ta Kudu ana kiran irin wannan zumunta Manyano, an san su da taron ranar Alhamis da yunifom. A arewacin Najeriya Zumuntar Mata ce, tana nan a coci-cocin ECWA da COCIN da EYN da cocin Katolika da sauransu. A Asiya Shanti Solomon 'yar Indiya ta kawo shawara a 1956 cewa duk sanda mace ta yi addu'ar sulhu ta ajiye tsabar kuɗi mafi ƙanƙanta ta ƙasarta, don kada mai shi ta fi mara shi, kuma ana haɗa kuɗin ba tare da bayyana abin da kowace ƙasa ta bayar ba.

Suka da muhawara

Ba duka aikin ne ya tafi daidai ba. Wasu makarantun mishan a Amurka da Kanada da mata suka koyar a ciki ko suka tara wa kuɗi sun raba yaran 'yan asalin ƙasar da iyayensu, an hana su yarensu da sunayensu, kuma coci-coci da dama sun fito sun nemi gafara daga baya. Akwai kuma raini, inda mai bayarwa take ganin ita ta san yanda ya kamata talaka ya share ɗakinsa ya yi renon ɗansa. Tambayar ko ya halatta a haɗa taimako da wa'azi ita ma tsohuwa ce, wasu na cewa raba su munafunci ne tunda bangaskiya ce ta fito da mai hidimar daga gida, wasu kuma na cewa mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a, don haka a ba shi ba sharaɗi, kuma wannan na biyun ya fi kusa da abin da ayoyin da ake karantawa suka faɗa.

Ta wani ɓangaren kuma su kansu matan sun sha wuya. Da ƙungiyoyinsu suka yi ƙarfi sai manyan hukumomin coci suka fara haɗiye su da sunan rage kashe kuɗi, misali cocin Presbyterian na arewacin ƙasar Amurka sun narkar da hukumomin mata cikin na gaba ɗaya a 1923 ba tare da an nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Matan Methodist sun fi riƙe nasu, ƙungiyarsu ta bi ta haɗe-haɗe da canjin suna da yawa, a 2022 ta koma United Women in Faith kuma har yanzu ita ke tara kuɗinta ta kuma yanke yanda za a kashe. A ƙasashen Turai da Amurka gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantu da yawa, mata kuma sun shiga aikin albashi don haka taron tsakar rana ya ragu membobi sun tsufa, aikin ya fi komawa rumbun raba abinci da taimakon 'yan gudun hijira da ziyarar gidajen tsofaffi, yayin da a Afirka da wasu sassan Asiya zumuntar ke ƙara yawa, ana ma shirya ziyara da tara gudummawa ta WhatsApp.