Ƙarfen da ke faɗowa daga sama: tambayoyi da amsoshi

A ƙauyukan Kano da Jigawa, garma kan tono baƙin dutse mai nauyi lokacin huɗa, sai gardama ta kaure a majalisa: daga sama ya faɗo ko na ƙasa ne? Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai da gaske ƙarfe na faɗowa daga sama?

Ƙwarai kuwa. Yawancin abin da ke faɗowa dutse ne mai ɗigon ƙarfe a ciki, kaɗan ne ke zama ƙarfe zalla. Mafi girma da aka sani shi ne na Hoba a Namibiya, wanda aka gano a gona a 1920. Nauyinsa kusan tan 60, har yau yana inda ya faɗi. A nan gida ma, wanda ya faɗo a Gujba ta jihar Yobe a 1984 cike yake da ƙwayoyin ƙarfe. Na Zagami a Katsina kuwa, na 1962, dutse ne daga duniyar Mars.

Me ya raba shi da ƙarfen maƙeranmu?

Nikel, wani nau'in farin ƙarfe. Ƙarfen da ake narkarwa daga tama, irin sana'ar da aka yi a Dala tun zamanin da, kusan babu nikel a cikinsa. Na sama kuwa haɗe yake da shi, kuma iri biyu ne, galibi a cakuɗe: kamasayit mai nikel kamar kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, da tenayit wanda nasa kan haura kashi 20. Da wannan ma'aunin ne masana suka tabbatar a 2016 cewa wuƙar da aka binne Fir'auna Tutankamun da ita ƙarfen sama ce.

Abin burgewar yana ciki. In aka yanka shi, aka goge, aka shafa asid, sai zane ya bayyana a yawancinsu, layuka na giciye juna kamar saƙar tabarma. Ana kiransa da sunan Widmanstätten, masanin da ya lura da shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1808. Ƙarfen daga tsakiyar wasu ƙananan duniyoyi da suka tarwatse ya fito, inda ya yi miliyoyin shekaru yana hucewa sannu a hankali, har kamasayit ya ware daga tenayit. Babu maƙerin da zai iya kwaikwayon wannan, don ba shi da wannan lokacin.

Shi ne gatarin aradu?

A'a. Wancan gatarin dutse ne da mutanen zamanin da can suka sassaƙa, ruwan sama ke tono shi.

To yaya zan gane nawa?

Gaskiya, mafi yawan abin da ake tsinta kashin maƙera ne ko tama. Maganaɗisu kaɗai ba hujja ba ne, don wasu duwatsun ƙasa ma na kama shi. Duba jikinsa: kashin maƙera na da ramuka da kumfa, na sama kuwa a cure yake, nauyinsa ya fi girmansa, sau da yawa da lotsawa kamar an danna da yatsa. Goga magagari a gefe ɗaya, in ƙarfe mai sheƙi ya fito, to akwai alama. Tabbaci sai an auna nikel a sashen nazarin duwatsu na jami'a.

In kai wa maƙeri ya gwada?

Kada ka soma. Zafin wuta da duka na ɓata zanen nan, darajarsa ta tafi ke nan. Kar ka wanke shi da ruwa ma, tsatsa yake yi. Ajiye shi a busasshen wuri, ka kuma riƙe daidai inda ka tsince shi a gonar, don masana za su tambaya.