Waiwaye: Wa ya ce wannan kayan larura ne, wancan ba shi ba ne?

A ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar korona ta shigo Gana. Kwana uku bayan nan Shugaba Nana Akufo-Addo ya rufe makarantu, ya dakatar da jam'i a masallatai da coci-coci. Daga 30 ga wata kuma aka kulle garuruwan Akra da Kasuwa (Kasoa) da Kumasi, aka ce mako biyu, sannan aka ƙara ɗaya.

Dokar ba ta hana cin abinci ba. Masu abinci da magani da man fetur da bankuna an bar su su buɗe. A kasuwanni irin su Makola da Kejetiya, mai tumatir da mai doya suka ci gaba da kasa kaya, mai atamfa da mai takalmi da 'yan gwanjon Kantamanto kuwa aka ce su zauna gida. A nan ƙorafi ya taso. Babban kanti yana da shinkafa da madara, saboda haka ƙofarsa a buɗe take, alhali ƙarƙashin rufin nan akwai bokiti da fanka da rigunan yara. Wane sashe ne larura?

Wata maƙwabciyata a unguwar Nima ta Akra ta ci bashi ta saro yadi saboda ƙaramar sallah, don azumi na tafe a ƙarshen Afrilu. Na shiga gaishe ta na tarar da bandir-bandir jibge kan gado, ita tana zaune a tabarma tana ƙulla gari a leda. Ta ce min, "Ɗana, su a wurinsu yadi ado ne, ni kuwa shi ne tuwona." Har yau ban ji wanda ya bayyana lamarin fiye da haka ba.

Wasu ƙasashen sun ɗauki wata hanya. A yankin Wales na Birtaniya, a kullen da aka fara ranar 23 ga Oktoba 2020, an hana manyan kantuna sayar da tufafi da makamantansu, har aka yi ta lulluɓe kantoci da leda, don kada su cinye kasuwar ƙananan shagunan da aka rufe. Faransa ta yi haka a Nuwamba, har da littattafai. Mutane sun fusata, amma ni dai na ga adalci a niyyar, ko da yake hana babba ciniki bai sa ƙarami ya samu ko sisi ba.

Mu nan kullen bai kai ga haka ba. Gwamnati ta yafe kuɗin ruwa, ta rage na lantarki, ta raba dafaffen abinci, amma mai neman na yau da yau ba ya iya zaman mako uku. 'Yan mata masu dako har ɓuya suka yi cikin manyan motocin kaya don su koma arewacin Gana. Ranar 20 ga Afrilu aka ɗage dokar. Maƙwabciyata ta fito da yadinta, sai dai sallar wannan shekarar an yi ta ba idi, kuma bashin ya bi ta har shekara ta zagayo.