Ciwon damuwa da ciwon firgici ba abu ɗaya ba ne

Tun da tsadar rayuwa ta tsananta, kalmar “ciwon damuwa” ta zama ruwan dare a gidajen rediyon Kano da Dutse. Ɗan siyasa yana cewa manoma sun kamu da ciwon damuwa saboda kuɗin taki, mai gabatar da shiri yana cewa saurayin da budurwa ta juya wa baya ya shiga ciwon damuwa, sannan idan aka yi hatsari aka rasa rayuka, sai a sake ɗauko wannan kalma a yafa wa iyayen da suka binne ’ya’yansu. Wannan na ƙarshen ne yake ci mini rai, domin akwai cuta dabam da take kama wasu daga cikin waɗannan iyaye, kuma muddin ana kiranta da sunan da ba nata ba, ba za a nema mata maganin da ya dace da ita ba.

Ita kalmar damuwa daga “dama” ta fito, wato abin da muke yi wa fura ko kunu, mu motsa abin da yake kwance har ya gauraya. Haka muke cewa shanu sun dama ruwan tafki. Wanda ya damu, hankalinsa ne aka dama, kuma duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan tafki ya san cewa idan aka ajiye shi a randa ya kwana, lakar takan kwanta. Irin wannan damuwa kowa yana yin ta. Abin da likitoci suke nufi da ciwon damuwa ya wuce nan: mutuwar zuciya ce da takan ɗauki mako 2 ko fiye, mutum ya daina jin daɗin komai, barci da cin abinci su lalace, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani.

Cutar da nake magana a kanta kuwa, likitoci suna kiranta da haruffan PTSD, mu kuma abin da ya fi kusa da ita a bakinmu shi ne ciwon firgici, ko kuma yadda tsofaffi suke cewa tsoro ya shige wance. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta sanya sunan a kundinta a 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, shi ya sa har yau mutane da yawa suke ɗauka cutar sojoji ce.

A ƙauyenmu, ta wajen Ringim, akwai wata maƙwabciyarmu da ɗanta mai shekara 4 ya faɗa rijiyar tsakar gida tana cikin daka. Ta ji ƙarar faɗuwar, ta ɗauka guga ce. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, mata suka yi ta shigowa suna cewa, “Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne,” tana amsawa kamar kowa. Sai bayan arba’in, lokacin da gida ya watse, aka lura cewa duk sanda kishiyarta ta saki guga ta bugi ruwa, sai ta yar da abin da yake hannunta, jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya keto mata ko da cikin hunturu ne. Ta daina bi ta gefen rijiyar, har ta gwammace ta zagaya ta bayan rumbu kafin ta isa madafi. Taɓarya ma ta daina ɗauka, domin ita ce a hannunta a ranar. Da dare kuwa takan ƙulla bakin ɗankwalinta a ƙafar ƙaramar ’yarta, ɗaya bakin a hannunta, don kada yarinyar ta motsa ba ta sani ba, kuma duk da haka takan farka sau da yawa tana lalube.

Alamomin cutar ke nan a jikin mutum ɗaya. Abin da ya faru yana dawowa ba tare da an kira shi ba, a mafarki ko ido biyu, kuma ba kamar tunawa yake dawowa ba, kamar yanzu yake faruwa. Mutum yana guje wa wuri da kaya da magana da za su tuna masa, jikinsa kuma kullum a ɗarare yake. Kusan kowa yakan ji wani abu daga ciki a kwanakin farko, kuma mafi yawan mutane yakan sake su da kansa. Idan ya wuce wata 1 yana hana mutum harkarsa, a nan ne likitoci suke kiransa cuta. Kewar mamaci daban take, domin mai kewa neman abin da zai tuna masa yake yi, har uwa takan ɓoye rigar ɗanta tana shinshinawa.

Abin da ya fi ɓata suna muni shi ne hukuncin da ake yanke wa irin wannan mata. Uwar mijinta, wadda ita ma ta binne ’ya’ya, cewa take yi, “Ke ’yar nan, a kanki aka fara rasa ɗa? Ki yi dangana mana.” Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Ga shi kuma ɗan fari ne, wanda kunya ta hana ta ko ambaton sunansa yana raye, balle ta zauna ta ba wani labarin yadda aka ciro shi. Ni dai ban yarda rashin dangana ne ba. Dangana aikin zuciya da harshe ne, kuma ban taɓa jin matar nan ta furta kalmar da ta saɓa wa ƙaddara ba. Rawar jiki ba shawara take yi da ita ba kafin ta zo. Alƙur’ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda ya ce zai yi haƙuri kyakkyawa, kuma idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Ina tuna iyayen ’yan Islamiyyar da jirgin ruwa ya kife da su a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, da mutanen Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, inda gobarar tankar mai ta hallaka fiye da mutum 150 a Oktoban 2024. An kai musu ta’aziyya da kayan agaji, amma hatsi ba ya dawo da barci, kuma wanda ya ga gawar ɗansa a irin wannan hali yana buƙatar a koma a tambaye shi bayan wata 3 yadda yake kwana.

Cutar tana da magani, kuma ginshiƙinsa zama ne da ƙwararre, a bi labarin a hankali, a koya wa jiki cewa ranar ta wuce, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Akwai masu wannan aiki a asibitin Dawanau, da na Kazaure, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai a ƙauye, da ka ambaci Dawanau an ji ka ce mahaukaciya, duk da cewa a farkon 2023 an sanya hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wannan tsoron ne ya sa mijin maƙwabciyarmu ya ƙi kai ta har kusan shekara 2. Abin da ya iya yi shi ne ya sa aka ɗaga bakin rijiyar da siminti aka yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo, ya kuma roƙi uwargidan ta riƙa zura guga a hankali.